Muhawara: Tarihin Haɗe Rukunin Inji da na Tsani a Unguwannin Bayan Gari na New York

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna wani al'amari daga tarihin hukumar kashe gobara ta birnin New York. A tsarin manyan biranen Amurka an saba raba 'yan kwana-kwana gida biyu. Akwai rukunin inji, wanda aikinsa kai ruwa ga wuta, akwai kuma rukunin tsani, wanda aikinsa fasa ƙofa, neman waɗanda suka maƙale, da huda rufi don hayaƙi ya samu mafita. Kowane rukuni da motarsa da kyaftin ɗinsa, ko da kuwa gini ɗaya suke kwana. Amma sau biyu a tarihin birnin an haɗe su wuri guda a unguwannin da ke nesa da tsakiyar gari: na farko a ƙarshen ƙarni na 19, na biyu kuma daga 1974 zuwa 1977. Na farkon ya daɗe ana amfani da shi, na biyun kuwa bai wuce shekara uku ba aka watsar. Tambayata ita ce, me ya sa abu ɗaya ya karɓu a wani zamani ya kuma gaza a wani?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Malam Habu. Kafin a kai ga amsa, ya kamata a fahimci yadda birnin ya faɗaɗa, domin a nan tushen maganar yake. An kafa hukumar kashe gobara mai biyan albashi a 1865, lokacin da New York ba ta wuce tsibirin Manhattan ba. A 1874 aka shigar da garuruwan Morrisania da West Farms da Kingsbridge, wato yammacin Bronx na yau, a 1895 kuma aka ƙara da gabashin Bronx har da City Island. Sai 1898 aka haɗa Brooklyn da Queens da tsibirin Staten cikin birni guda. Galibin waɗannan sababbin yankuna gonaki ne da ƙauyuka, hanyoyinsu na ƙasa ne, gidajensu na katako ne a warwatse, kuma wurare da yawa babu famfon gobara a bakin titi. Hukumar ta wayi gari da nauyin kare ƙasa mai faɗin gaske wadda gobara ba ta cika tashi a cikinta ba, amma idan ta tashi, kafin taimako ya iso daga nesa gida ya zama toka. Maganin da aka samo shi ne a ba wasu rukunonin inji keken tsani, wato keken doki mai ɗaukar tsani, a ƙara musu 'yan mutane, duka a ƙarƙashin kyaftin ɗaya.

Hajiya Rabi: Injiniya, ka yi mini afuwa, akwai abin da ban gane ba. Idan gidajen ƙauye ne marasa tsawo, mene ne amfanin tsani tun farko? Ina tsammani tsani na dogayen benaye ne.

Injiniya Bala: Tambaya ce mai kyau Hajiya. Keken tsani na wancan zamani ba tsani kaɗai yake ɗauka ba, yana ɗauke da ƙugiyoyi masu dogon sanda da gatura da igiyoyi da bokitai. A gidan katako mai hawa biyu, wuta kan bi ta cikin bango ta haura zuwa ƙarƙashin rufi ba tare da an gan ta ba, kuma babu yadda ruwa zai same ta sai an yaye silin da ƙugiya an sare katako da gatari. Haka nan idan wuta ta tare matakala, na sama ba su da mafita sai taga. Dogon tsanin nan da ke miƙewa daga bayan mota, irin wanda Daniel Hayes na San Francisco ya yi wa rajista a 1868, shi ne na benayen cikin gari. Na bayan gari tsani ne na hannu, wanda mutum biyu ko uku ke ɗauka su jingina da bango.

Baba Na-Tasha: Ni tsohon ma'aikacin kashe gobara ne, ko da yake a gida na yi aikina, kuma na daɗe ina bibiyar tarihin wannan sana'a a ƙasashen waje. Abin da zan ƙara a kan bayanin Injiniya shi ne batun dawaki. Injin wancan lokaci mai tururi ne, da tukunyar ƙarfe da ake hura wa gawayi, kuma nauyinsa ya kai a ɗaura masa doki biyu ko uku. A tasha ana barin ruwan tukunyar da zafinsa dare da rana, kayan dokin kuma suna rataye a sama, da ƙararrawa ta kaɗa sai dawakin su fito da kansu su tsaya a ƙarƙashin kayan, a sako musu a ɗaure. To doki ba ya dogon gudu da irin wannan kaya, balle a hanyar laka ko ƙanƙara. Saboda haka ba a iya cewa rukunin tsani na wata unguwa zai zo ya taimaka a kan lokaci, dole kowane yanki ya wadatu da abin da ke hannunsa. Inda babu famfo kuma, an yi amfani da keken sinadari, wato tanki mai ruwan soda da kwalbar asid a ciki, idan aka kifar da kwalbar sai iskar da ta taso ta tunkuɗo ruwan ta mesa ba tare da inji ba. Dawaki ba su bar aikin hukumar ba sai a Disambar 1922, lokacin da rukunin inji na 205 a Brooklyn ya yi fitarsa ta ƙarshe da su.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri Baba. Ke nan haɗakar farko ƙari ce aka yi wa wurin da ba shi da komai.

Baba Na-Tasha: Haka ne ɗana, kuma a ganina amsar tambayarka ke nan. Mutumin Bronx na 1880 bai rasa komai ba da aka kawo masa inji da tsani a ƙarƙashin kyaftin ɗaya, domin a da 'yan sa-kai ne kawai ke gare shi. Da unguwannin suka cika, jirgin ƙasa ya isa, aka fara gina benaye, sai aka riƙa cire tsanin ana mayar da shi rukuni mai zaman kansa. Haɗakar ta kasance matakin wucin gadi ne a kan hanyar girma. Ta 1974 kuwa ragi ce aka yi wa wuraren da suka riga suka mallaki rukuni biyu cikakku.

Dakta Zainabu: Baba, da girmamawa, ina ganin an ɗan tsananta wa mahukuntan 1974. Mu duba halin da suke ciki. Daga ƙarshen shekarun 1960 gobara ta yi yawa a kudancin Bronx da Harlem da wasu sassan Brooklyn, har ma'aikatan suka riƙa kiran lokacin da shekarun yaƙi, rukuni ɗaya kan fita sau da dama a dare guda. A lokaci guda kuma baitulmalin birnin ya bushe, abin da ya kai ga rikicin kuɗi na 1975 a zamanin magajin gari Abraham Beame, aka sallami ma'aikata da yawa har da 'yan kwana-kwana. Kwamishina John O'Hagan yana da tashoshin da aiki ya yi musu katutu, yana kuma da wasu a gefen gari da kan yini ba a kira su ba. Wurare ukun da aka zaɓa duk irin na biyun ne: City Island, inda aka haɗe rukunin inji na 70 da na tsani na 53, sai Tottenville a ƙarshen kudancin tsibirin Staten, inda aka haɗe inji na 151 da tsani na 76, sai Springfield Gardens a Queens kusa da filin jirgin sama na Kennedy, inda aka haɗe inji na 311 da tsani na 158. Ba a rufe tasha ko ɗaya cikinsu ba, motocin biyu suna nan, shugabancin ne aka mayar ɗaya. Idan aka kwatanta da rukunonin da aka rufe gaba ɗaya a waɗancan shekarun bisa lissafin cibiyar bincike ta RAND, wannan sassauci ne.

Baba Na-Tasha: Dakta, ban musa ƙuncin da suke ciki ba. Amma ki dubi aikin jagora a wurin gobara. Jagoran inji yana shiga da masu riƙe da mesa, yana rarrafe tare da su cikin hayaƙi, shi ne ke cewa a buɗe ruwa ko a ja da baya. Jagoran tsani kuma yana shiga da mutum biyu, ɗaya riƙe da gatari da sandar ƙarfen fasa ƙofa wadda Hugh Halligan na wannan hukumar ya ƙirƙiro a 1948, ɗayan kuma da ƙugiya da ƙaramar tukunyar ruwa, suna lalube ɗaki bayan ɗaki ko akwai wanda ya faɗi, alhali wani ya hau rufi wani ya zagaya bayan gida. Waɗannan ayyuka biyu a minti ɗaya ake yin su, a sassa daban-daban na gini, kuma dole su dace da juna, domin idan aka fasa taga kafin ruwa ya iso, iska aka ba wutar. Taura biyu ba ta taunuwa. Mutum ɗaya ba zai kasance a bayan mesa kuma ya kasance a ɗakin sama yana neman yaro ba.

Injiniya Bala: Ina goyon bayan Baba, kuma zan ƙara da cewa lissafin yawan fita yana ɓoye wani abu. Tashar da ba a cika kira ba sau da yawa ita ce wadda taimako ya fi jinkirin isa gare ta. City Island tsibiri ne siriri mai tsawon kusan mil ɗaya da rabi, da gidajen katako da wuraren gyaran jiragen ruwa da gidajen cin abinci, kuma gada ɗaya tak ke haɗa shi da sauran Bronx, ita ma sai an ratsa gandun Pelham Bay kafin a kai gare ta. A ranakun hutu na lokacin zafi motocin masu zuwa cin kifi kan cushe hanyar. Tottenville ma haka take, ita ce ƙarshen jihar New York ta kudu. Mutanen yankin ba su manta da 20 ga Afrilun 1963 ba, ranar da gobarar daji ta cinye gidaje kusan 100 a tsibirin Staten, ruwan famfo ya yi rauni, motocin taimako daga sauran sassan birnin kuma sai ta jirgin fito suka riƙa ƙetarowa domin gadar Verrazzano ba ta buɗe ba sai 1964. A tsakiyar Manhattan, idan rukuni ɗaya ya gaza, na biyu yana bayansa da minti ɗaya ko biyu. A waɗannan wurare, waɗanda suka fara isa su kaɗai ne na tsawon lokaci.

Dakta Zainabu: Na karɓi wannan hujja Injiniya, amma ba ta rufe maganar ba. Idan haɗaka aibi ce a kan kanta, me za a ce da Los Angeles? Bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965 hukumar can ta ɗauki tsarin tafiya a ayari, kuma har yau tana da ƙaramin ayari na motar tsani da motar inji da ke fita tare a ƙarƙashin kyaftin ɗaya. Shekaru fiye da 50 ke nan ba su watsar ba.

Injiniya Bala: Gaskiya ne Dakta, sai dai a can motar injin da ke bin tsani mataimakiya ce, galibi direbanta ne kaɗai a ciki, kuma a cikakken ayari akwai wata motar inji ta daban da nata kyaftin da mutanenta. Ƙaramin ayarin aikin tsani yake yi tare da ruwa a kusa. Ba a ɗora masa nauyin rukuni biyu a lokaci guda ba.

Ɗan Damagaram: Ina biye da ku tun farko, kuma ina neman izini in shigo da wani reshe na tarihin. Bayan haɗe mutane, an kuma gwada haɗe motocin kansu. Tun da aka koma mota aka fara ƙera wadda ke da famfo da tanki da mesa a jiki ɗaya, daga baya aka ƙara mata tsanin hannu masu yawa ta zama mai aiki huɗu, wadda ƙananan garuruwa suka so ƙwarai. Da aka ɗora dogon tsani a kanta sai ta zama mai aiki biyar, wadda ake kira kwint. Kamfanin Metz na Jamus ya yi wa irinta rajista a 1912, kamfanin American LaFrance kuma ya ƙera tasa a 1935. Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne birnin St. Louis, inda a 1987 shugaban hukumar, Neil Svetanics, ya mayar da tashoshin birnin kan wannan mota. Shin ba ita ce amsar da ta dace da wuri kamar City Island ba?

Baba Na-Tasha: Malam, motar tana da kyau, amma sai ka tsaya kusa da ita ranar gobara za ka ga inda gizo ke saƙa. Injin yana son ya tsaya kusa da famfon titi, ko ya wuce gidan ya bar wa tsani gaba. Tsani kuma yana son ƙofar gidan daidai, inda zai baje ƙafafunsa na ƙarfe ya miƙe ba tare da wayar lantarki ko bishiya ta tare shi ba. Direban mota mai aiki biyar dole ya zaɓi ɗaya tun kafin ya taka birki, kuma da zarar an ja mesa an cika ta da ruwa, motar ba ta sake motsi. Ga kuma nauyi. Ƙa'idar ƙungiyar kare gobara ta Amurka ta ce irin wannan mota ta ɗauki aƙalla galan 300 na ruwa, wato lita dubu da ɗari da 'yan kai, fiye da tan guda a kan nauyin tsanin. Kuma mesa ɗaya ta shiga gida tana iya shanye wannan ruwa cikin minti biyu. Idan motar ta shiga gareji, unguwar ta rasa inji da tsani a rana ɗaya.

Dakta Zainabu: A nan kam na fi kusa da Baba. Biranen Richmond da Rochester sun rungumi tsarin da ya dogara da wannan mota, daga baya suka koma ga raba inji da tsani. Kuma binciken da cibiyar ma'auni ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2010 ya nuna cewa a gobarar gida, mutum huɗu sun kammala ayyukan da ake bukata da sauri fiye da mutum biyu da kusan kashi 30 cikin 100. Mota mai aiki biyar da mutum huɗu a ciki aikin mutum huɗu za ta yi. Inda nake nan a kan bakana shi ne cewa ƙaramin gari mai mota ɗaya da kuɗin mutum huɗu ba shi da zaɓin da ya fi ta, domin gara a iso da tsani da ruwa a zaɓi wanda aka fi bukata, da a iso da ruwa kaɗai a tarar da mutum a taga.

Baba Na-Tasha: Wannan ban ja da ke ba 'yata, domin shi ne halin Bronx na 1880 a sabuwar riga.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya tsaya mini shi ne, ko wannan muhawara ta shafe mu? A garuruwanmu ban taɓa ganin an raba 'yan kwana-kwana zuwa masu ruwa da masu tsani ba.

Ɗan Damagaram: Ta shafe mu ta gefe ɗaya kawai Hajiya. Rabon nan al'adar Arewacin Amurka ce. A Ingila da Faransa, waɗanda muka gaji tsarinsu, motar farko tana zuwa da ruwa da tsanin hannu, kuma ma'aikata ɗaya ne ke yin aikin duka, dogon tsani sai an bukace shi ake kira. Saboda haka mu tun asali a haɗe muke. Abin da ya fi kama da namu shi ne matsalar yankunan da New York ta haɗiye a 1874, wato nisa da rashin famfo. Duk wanda ya ga gobarar kasuwa irin ta Sabon Gari a Kano a 2016 ya san cewa tambayar farko ita ce daga ina tankin ruwa na biyu zai fito.

Malam Habu: Mu dawo New York kaɗan. Bayan an raba rukunonin uku a 1977, maganar ta mutu ke nan?

Injiniya Bala: Sunan ya mutu, lissafin bai mutu ba. A farkon 2009, a zamanin magajin gari Michael Bloomberg, an fara rufe wasu rukunoni huɗu da dare don rage kashe kuɗi, kuma rukunin tsani na 53 na City Island yana cikinsu. A shekarun da suka biyo baya sunansa ya yi ta fitowa a jerin waɗanda ake son rufewa, mazauna tsibirin suna zanga-zanga, majalisar birni kuma tana mayar da kuɗin a kasafi. Hujjar masu son rufewa ita ce ta 1974, cewa ba ya yawan fita, hujjar mazauna kuma ita ce gada ɗaya. Wani abin lura kuma shi ne, a wasu gefunan birnin 'yan sa-kai ba su taɓa gushewa ba. Har yanzu akwai su a Broad Channel da Breezy Point a Queens, da Gerritsen Beach a Brooklyn, da Edgewater Park a Bronx, da unguwar Travis a tsibirin Staten, suna fita tare da ma'aikatan hukuma.

Dakta Zainabu: To Injiniya, wannan jerin naka ya buɗe wata ƙofa. Idan unguwannin da ke bakin ruwa da ƙarshen hanya sun riƙe 'yan sa-kansu fiye da shekara 100 bayan haɗewar birnin, ina so Baba ya faɗa mana yadda ake raba umarni idan motar sa-kai ta riga ta hukuma isa wurin gobara, kuma wa ke ja da baya idan jagororin biyu suka saɓa.